Ranar Da Aka Kawo Mini Wuta A Mairuwa

Har yanzu da nake wannan rubutu, hannuna na dama bai gama yafe mini ba. Laifin ƙanena ne da ke aiki a Legas, wanda ya turo mini bidiyon wasu Turawa cikin farin jirgi a bakin teku, kowa da hular rana da sandar fatsa mai ƙwarƙwaro, suna ɗaga kifi suna washe baki. Na ce wannan ai ba gagara ba ce. Teku dai ta yi wa Funtua nisa, yini guda cur a mota, amma muna da dam ɗin Mairuwa nan kan hanyar Gusau. Kuma Gulbin Sakkwato daga yankinmu ya taso kafin ya bi ta Gusau ya gangara har Argungu, inda ake gasar kamun kifi tun 1934. Ke nan ruwan da Kabawa suke taƙama da shi ragowar namu ne. Da wannan hujja na sayar da buhun masara ɗaya, na yi odar sanda, na ɗauki ɗan yayata don ya riƙe waya, muka tafi ranar Asabar da hunturu.

Masuncin da ya yarda ya ɗauke mu a kwale-kwalensa Bakabe ne, wato abokin wasa. Ya juya sandata sama da ƙasa, ya dubi kallinsa da mamarinsa, ya ce, "Bakatsine, wagga ta korar awaki ce ko ta kiɗa?" Na ce ya ja filafili kawai, yau zai ga ilimi.

Awa biyu ina jefa tana ina ciyar da karfasa sadaka. Can gab da azahar, kusa da gaɓa inda masu noman rani suke ban ruwan albasa, zaren ya yi nauyi. Na murɗa, na murɗa, sai ga wata halitta ta taso, ƙatuwa, sulɓi, ruwan toka da ɗige-ɗige, ga gashin baki kamar tarwaɗa, ga ƙiba kamar wadda ta gaji gidan mai. Na ce wa yaro, "Danna bidiyo!" Na ajiye sanda, na naɗe hannun riga, na miƙa hannu biyu, jiƙaƙƙu.

Na ji Bakabe ya ce, "Kak ka ta..."

Bai ƙarasa ba. Ko ya ƙarasa, ni dai ban ji ba, domin a lokacin na bar duniyar masu ji. Minjirya ce. Masana sun ce babbarta tana iya sakin wuta sama da bolt 300, ta gidajenmu kuwa 230 ce, idan an kawo. Ni da na yi wata guda ina jiran wuta a unguwarmu, ashe tawa tana ajiye a Mairuwa, ba mita, ba takardar biya.

Bari in faɗi yadda abin ya bi, don na kalli bidiyon sau goma sha ɗaya. Farko fuskata tana murmushin Bature. Sannan murmushin ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya, kamar motar auduga ta kafe a laka. Sannan kafaɗuna suka hau har kunne. Sannan hulata, zanna bukar ɗin da na sa musamman don hoto, ta tashi ita kaɗai ta yi nata wuri. Sannan bakina ya buɗe. Mutum yana so a ce a irin wannan lokaci salati ne ya fito masa. Ni abin da ya fito, da shekara arba'in da shida da 'ya'ya bakwai, shi ne, "Wayyo Inna!" Kuma da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, irin ta amarya ta ga kyankyaso. Idan aka sassauta bidiyon, ana ganin daidai inda kifin ya dube ni. Wallahi ya dube ni.

A nan ne Baba mai albasa ya shigo. Tsoho ne, yana tsaye a gaɓa da tiyo a hannu, bai ko kashe injin ban ruwansa ba. Ya ɗaga murya:

"Yaro, kada ka saki! Riƙe ta da kyau, cajinta zai ƙare!"

Na riga na saki, ko kuwa ita ta sake ni, ta faɗo cikin jirgin daidai kan ƙafata, cikin ɗan ruwan da ya taru a ƙasa. Ta ƙara mini na biyu, kyauta.

"To ka gani! Ai da ka riƙe. Cire takalmi, roba ce ke jawo ta!"

Takalmin robar nan shi kaɗai ne masoyina a wurin. Na yi tsalle, jirgi ya karkata, na tafi ruwa da ka. Sanyin hunturu ya karɓe ni daga hannun wuta. Ina ta bugun ruwa ina kiran a cece ni, ina tuna basussukan da ake bina a kasuwar Dandume, Baba yana ta aiko da taimako daga tudu:

"Rufe baki, ka yi numfashi ta kunne! Kada ka kalli ruwan, shi ruwa ba ya son a kalle shi!"

Bakabe, wanda dariya ta kwantar a gindin jirgi, da ƙyar ya iya cewa, "Bakatsine, miƙe tsaye." Na miƙe. Ruwan iya cibiya.

Na fito ina ɗiga, laka har gemu, sandar buhun masara ta tafi inda hula ta tafi. Baba ya zagayo ya dube ni sama da ƙasa kamar mai taya sa a kara, ya ce in gode wa Allah, wai yanzu ni da sanyin ƙashi har abada, mutane har nema suke yi ba su samu ba. Na ce, "Baba, ai ba ni da sanyin ƙashi." Ya ce, "To ka ga aikinta ke nan."

Ɗan yayata ya rantse mini bai tura wa kowa ba. Kafin mu iso Funtua uwargida ta kira, ba sallama, ta ce, "Malam, Inna ta ce a tambaye ka lafiya, ta ji kana kiranta."