Saƙon Uwargida a Bangon Kwangila

'Yan adashenmu na Kwangila ne suka ɗora mini bayanin yadda za mu mayar da kuɗinmu banki. Da baki na so in yi abina, sai ɗan yayana mai karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya ce, "Baffa, ai yanzu PowerPoint ake yayi." Har da kawo mini dokar wani Ba'amurke, Guy Kawasaki: shafi 10, minti 20, girman harafi kada ya gaza 30. Na ce shi Kawasakin bai taɓa riƙe kuɗin 'yan kasuwar Zariya ba. Kowace naira sai ta hau bango. Muka matse rubutu muka ɗura lissafi.

Ranar taro muka ari majigi da kwamfuta, muka haska bangon wani shago kusa da gada. Tirelolin Kano da na Funtuwa na ta gurnani, janareto na amsa musu. Tun shafin farko na ga duk wani harafi mai lanƙwasa ya koma ɗan akwati, domin kwamfutar aron ba ta da irin rubutun da muka zaɓa. Yaron ya raɗa mini cewa da a PDF muka adana da ba haka ba. Sai yanzu?

Na juya wa jama'a ƙeya na shiga karanta bango. Wani dattijo daga baya ya ce, "Malam, tururuwa ce ta hau bangon ko rubutu ne?" Shugaba kuwa tuni ya fara gyangyaɗi.

Ina tsakiyar bayanin ribar watan azumi sai ga saƙon WhatsApp ya faɗo a bango, don ba wanda ya tuna ya kashe sanarwa. Uwargida ce: "Maigida, ka taho da kifi. Ba irin na jiya ba."

Wuri ya ɗauka da dariya. Har dattijon nan mai kukan ido ya karanta shi tsaf, shugaba ma ya farka ya nemi a maimaita masa.

Da na ce ko akwai mai tambaya, hannu ya tashi ta ko'ina. Ma'aji ya fara: "Ranka ya daɗe, shi na jiyan me ya same shi?" Wani ya ce in daina saye a bakin titi, in shiga kasuwar Sabon Gari. Maganar banki aka ɗage ta zuwa zama na gaba.