Taubashi, Ina Shafin 'Yan Hatsi?

Gaisuwa gare ka bawana, injiniyan Kaboji kaf, mai yawo da kwamfuta a jakar goyo. Tun kafin shuka ka karɓi kuɗin 'yan hatsi, wai za ka gina musu shafin intanet da dillalan Kontagora za su riƙa duba farashi. Masara ta nuna, an karya, an sussuke, buhuna sun hau mota. Shafi kuwa har yau "ana kan aiki".

Da na matsa maka, sai ka gyara hula ka ce kai ka bar tsohon yayi, wanda ake rubuta komai a takarda, a gama zane, a gina, sai a ƙarshe a gwada. Nan kam ka faɗi gaskiya, ko da yake ba halinka ba ne. Aikin intanet ba ya jira. Kafin takardu su kammala, mai aikin ya sauya ra'ayi. Ko gwamnatin Amurka ta sha kunya a Oktoban 2013, ranar da ta buɗe shafin inshorar lafiya gaba ɗaya, jama'a suka kasa yin rajista.

To amma sabon yayin, wato Agile ɗin da ya zame maka waƙa, ka karanta shi kuwa? Mutum 17 ne suka haɗu a Snowbird, jihar Utah, a Fabrairun 2001, suka tsaya a kan cewa manhajar da ke aiki ita ce ma'aunin ci gaba. Masu bin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin Agile, yanka aiki suke yi gunduwa-gunduwa, galibi mako biyu-biyu, kuma ƙarshen kowanne sai mai kaya ya ga abin da zai latsa da yatsansa. Kullum taron minti 15, a tsaye. Naka taron a kishingiɗe ake yinsa, a bencin mai shayi, har azahar.

Ɗan abin da ka nuna ma, hotonka ne da baƙin tabarau, mai nauyin da ya cinye datar shugaban ƙungiyar 'yan hatsi kafin kunnenka ya bayyana. Bayin Allah layi uku suke nema: masara, dawa, waken soya, su buɗe a ƙaramar waya ko da sabis sanda ɗaya ne. Ba su wannan tukuna, su yi ƙorafi, ka gyara, ka ƙara.

Mako biyu na ba ka. In ya wuce, kada ka sa rai da kuɗin sharar bana, kuma ƙararka tana wurin Gwaggo.