Ƙofa ta Ƙarfe, Rufi na Yoyo

Ranar da rediyo ya ba da labarin Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, cikin watan Mayun 2024, teburin mai shayinmu na bakin layin dogo a Agege ya kaure da musu. Wani matashi mai sayar da kayan waya ya ce gwamnati ta wuce gona da iri. Aure waliyyi ne da sadaki da shaidu da siga, me ya kawo takardar asibiti? Wani mahauci daga mayankar Oko-Oba, wanda sikila ta ɗauke masa 'ya'ya biyu, ya ce da an yi dokar tun yana saurayi da bai san hanyar maƙabarta haka ba. Ni bayan mahaucin nake, har gobe. Gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da na jini ba ya rage wa aure albarka.

Baba mai goro yana gefe bai tanka ba. Tsoho ne da jirgin ƙasa ya sauke shi a Zangon Agege tun huhun goro ne ke riƙe da unguwar. Sai da aka gaji aka juyo gare shi, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yara, bari in ba ku labarin wani maigida."

Ya ce an yi wani mutum da ya gaji gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu, irin na Ikko, ɗaki na kallon ɗaki. Ba abin da ya tsana kamar a ce gidansa gidan banza ne. Saboda haka ya sa aka ƙera masa ƙofar ƙarfe, ya tafi kasuwar Jankara da kansa ya zaɓo kwaɗo mai nauyin dutsen guga, ya rubuta ƙa'idoji ya manna a zaure. Ba mace mai shiga ɗakin gwauro. Duk wanda ya zo da mace ya ce matarsa ce, sai ya kawo shaida. Ƙarfe goma na dare a rufe ƙofa, ba a buɗewa sai asuba. 'Yan haya suka ji daɗi, don kowa na son ya bar iyalinsa inda ake da kamun kai. Har ya kai in gwauro ya daɗe a gidan, maigida kan nema masa mata, ya biya sadaki, ya sayi gado da katifa, a kafa rumfa a ƙofar gida a ɗauki hoto da shi a tsakiya.

Matashin nan ya ce, "To Baba, ai wannan mutumin kirki ne."

Baba ya ce, "Ban ce ba shi ba ne, ɗana. Amma ka san ruwan Yuni na garin nan."

Kwanon gidan ya ruɓe tun zamanin uban maigidan. Da damina ta kankama, kowane ɗaki sai an jera robobi. Rijiya ta rufta, masai ya cika. In an kai kuka, sai maigida ya ce yana sane, ya ɗauki man inji ya tafi ɗiga wa ƙofa don kada ta yi ƙara.

A ɗakin ƙarshe akwai wata amarya cikin waɗanda ya aurar da hannunsa. Mijinta ɗan acaba ne. Da gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar daga 1 ga Yunin 2022, aka kama babur ɗinsa, ya bi sahun waɗanda aka niƙe. Ya yi wata biyu yana buga-buga, rannan ya ce zai leƙa Kwatano neman aiki. Shi ke nan. Ba aike, ba waya, ba saki. Ya bar ta da ciki da rabin kwanon garin kwaki.

Ta je zaure ta durƙusa ta ce, "Baba, ko dai a nemo shi ya ciyar da ni, ko a raba auren in san inda na dosa."

Maigida ya ce, "'Yata, tsakanin miji da mata sai Allah. Abin da ke cikin ɗaki ba hurumina ba ne. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Baba, ranar da zan shiga ɗakin ai kai ka tambayi shaida."

Nan Baba mai goro ya yi shiru ya ɓare goro, ni kuwa zuciyata ta tafi gida. Tun 2012 Hisbah ta fara auren zawarawa a Kano da mutum ɗari da matansu, a zamanin Kwankwaso. A Oktoban 2023 an ɗaura aure 1,800. Alheri ne, ba na musu, na san gidajen da suka tsaya da ƙafarsu ta wannan hanya. Sai dai a 2017, da Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo batun dokar iyali, wadda za ta duba ciyarwa da dukan mata da ƙarin aure ga wanda bai iya riƙe ta farko ba, ƙasa ta ɗauki zafi kamar ya taɓa ginshiƙin addini. Alhali duk ɗalibin da ya buɗe Risala ya tarar da babin ciyarwa da hukuncin matar da mijinta ya ɓata. Malamai sun gama rubutawa tun ƙarnoni. Hannun da zai tilasta shi ne ya yi nauyi, musamman ga macen da ke nan kudu, nesa da danginta, wadda kotunta ba ta wuce zauren sarkin Hausawa ko limamin unguwa ba, su kuwa sulhu ne iyakarsu.

Baba ya ci gaba. Ya ce akwai lokacin da wata ungozoma a gidan ta matsa wa maigida har ya manna wata takarda: in mace mai ciki ta shiga halin mutuwa da rai cikin dare, ga mai makulli, ga yadda za a yi a fitar da ita. Kwana kaɗan maƙwabta suka taso, suka ce wannan takarda ƙofar ɓarna ce, gobe kowace 'yar iska sai ta ce ciwo take a buɗe mata. Maigida bai tsaya ya bayyana musu abin da ke ciki ba, bai kuma gyara inda suke tsoro ba. Ya ɓalle ta ya sa a aljihu, ya ce sai ya yi shawara.

Mahaucin ya dube ni, na dube shi, don mun tuna da makamancin wannan. A ƙarshen Yunin 2022 ma'aikatar lafiya ta Legas ta fitar da takardar jagora ga likitoci kan yadda za su yi idan ciki ya zama barazana ga ran uwa, abin da dokar ƙasa ta riga ta halatta, malamanmu ma suka yarda da shi a babin larura. Aka yi ca, Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da ita cikin Yuli. Tsoron masu tsoro gaskiya ne, ni ma ba na son a mai da zubar da ciki abin wasa. Amma likitan da ya tsaya kan mace tana zubar da jini, yana lissafin ko gobe za a kama shi, mintocin da yake ɓatawa daga ranta ake cire su.

Baba ya ce daren da naƙuda ta zo wa amaryar nan da gardama, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Matan gidan suka ɗauko ta a zane zuwa zaure. Ƙofa a kulle, makulli na ƙarƙashin matashin maigida, shi kuma yana sama yana barci. Kafin a tashe shi, kafin a sami Keke a cikin wannan ruwa, an kusa kiran assalatu. Ita ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Ba wanda ya ƙara kurɓar shayi. Can matashin ya ce a hankali, "Baba, maigidan bai ce komai ba?"

"Ya yi kuka, ɗana, na ga hawayensa. Shi ya sayi likkafani. Da aka share makoki ya tara 'yan haya ya ce ya gano inda matsalar take: daga yau duk wanda zai kawo amarya gidansa sai ya ƙara da takardar mai unguwa."

Jirgin Ibadan ya wuce, teburin ya yi rawa. Mahaucin ya tambaya ina yarinyar take yanzu. Baba ya naɗe ganyen goronsa, ya laluɓi sandarsa, ya ce tana kasuwar Mile 12 tana ɗaukar wa mutane kwandon tumatir, kuma har yau da igiyar auren a kanta.