Wa Zai Ɗebo wa Malam Ruwa a 2050?

To jama'ar Damargu, a ajiye kofin shayi kada dariya ta sa a ƙone baki. Maganar gidan kula da tsofaffi na kawo, da lissafin abin da gwamnati za ta kashe a kai nan gaba. Na san amsarku tun ba ta fito ba: "Mu ba Nasara ba ne, ba ma kai iyayenmu ajiya." Madalla, Allah ya yi albarka. Amma Malam mai rantsuwa, yaushe rabon babban ɗanka da gida? Ba yana Libiya ba? Mai bi masa ba zinariyar Jado ya bi ba tun da ta ɓulla a 2014? Autan ma na ga yana yawan leƙa tashar Agadas.

Hujjarku ta biyu ta fi kauri, na kuma yarda da rabinta. Nijar ƙasar yara ce: kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, masu 60 zuwa sama kuwa wajen 4 ne cikin 100. Wa zai bar ajin zana ya gina wa tsoho ɗaki? Sai dai taron da ake cire 4 ɗin daga cikinsa kullum kumbura yake. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 ta samu miliyan 17 da 'yan kai. A ta 2012 ɗin, Tanut da Belbeji a haɗe sun haura rabin miliyan. A auna su da mudun ƙasa, tsofaffi wajen dubu 20 ke nan, tun a wancan lokacin.

Ga Liman can ya gyara zama: "Gobe ta Allah ce." Haka ne, Allah gafarta Malam, ba gaibu za mu duba ba. Wanda zai cika 70 a 2050 an haife shi tun 1980, ya ƙetare yunwar 1984, ga shi nan a fada yana yi mini dariya. Hasashen damina ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Masu lissafin kula da tsofaffi suna ɗaukar yawan 'yan kowace shekara, su rage waɗanda rai zai yi wa halinsa, su ware waɗanda ba za su iya tashi ko wanka da kansu ba, su fitar da marasa mai kula da su a cikin waɗannan, sannan su ninka da kuɗin gado, abinci, magani da albashi. Ostareliya tun 2002 take fitar da rahoto mai hangen shekara 40. A Japan tun 2000 duk wanda ya kai 40 yana zuba kuɗin inshorar jinyar tsufa. Faransa ta yi sakaci har zafin 2003 ya kashe mata mutum wajen dubu 15, akasari tsofaffi, zafin da mutumin Tanut zai sha shayi a cikinsa ya nemi ƙari.

A cikin matakan nan, na marasa mai kulawa shi ne namu, shi ne kuma ba wanda ya rubuta. "Mu ke riƙon iyayenmu," in ji ku. Su wane ne "mu"? Matarka ce ke juya mahaifiyarka a shimfiɗa, ƙanwarka da aurenta ya mutu ita ke wanki, jikanya ce aka cire daga makaranta ta riƙa zuwa rijiya, rijiyar Damargu kuwa kun san tsawon igiyarta. Kai naka gaisuwar safe da goron ɗari. Ranar da 'yan matan nan suka zauna a aji har suka gama, abin da muke roƙo ke nan, guga zai rasa mai ja. Tsohuwar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka riga ta, ita tuni ta rasa.

Kada ku ce fansho. Asusun fansho na CNSS da na CARENI na masu albashi ne. Manomin Gangara da makiyayin Tarka fanshonsu rumbu da akuya, fari ɗaya ya isa ya rufe asusun.

Ni dai ban ce a kafa bene da allon suna a Tanut ba. A ganina 'yan gadaje kusa da asibiti sun isa wa wanda bai da kowa, Kano ma tana da gidan gajiyayyu a Shahuci ba ta kuma zama Turai ba. Sauran kuɗin a bi tsoho da su har ɗakinsa, yadda Lesoto tun 2004 da Zanzibar tun 2016 suke ba masu shekara 70 ɗan abin wata. Amma a yi lissafi kafin shela. A 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, kowa ya yi tafi, daga baya asibitoci suka yi ta bin gwamnati bashin magani shekara da shekaru.

Lissafin kuwa daga bakinku zai fara, tunda da yawa daga takardun haihuwar dattawanmu "wajajen shekara kaza" suka ce. Idan mai ƙidaya ya zo, Alhaji, ka faɗi shekarunka na gaskiya. Za mu roƙe shi ya yi ƙasa da murya kada amarya ta ji.