Mutanen Situdiyo Idan Baje Koli Ya Matso

Duk mai son sanin halin ɗaliban sashen sassaƙa kada ya zo a farkon zango, lokacin da kowa ke fara'a. Ya bari sai an liƙa ranar baje kolin haɗin gwiwa a allon sanarwa. A makon ne rabin buhun siminti ke raba aminai.

Wanda zai fara tare ka shi ne Ara-Mini. Bai taɓa sayen ko ƙusa ba, amma akwatin kayan aikinsa ya fi na kowa nauyi. "Ɗan'uwa, sandar walda biyu kacal, gobe in Allah ya kai mu zan mayar." Har muka gama karatu goben ba ta waye ba. Sai Mai-Dogon-Buri, wanda ya ɗaure rodi, ya yaɓa siminti, ya tayar da doki da mahayinsa har da alkyabba, bai tuna ya auna ƙofa ba. Ranar fitarwa aka zauna shawara, ko bango ko wuyan doki. Doki ne ya sha zarto.

Amma gwanina shi ne Malam Falsafa. Hular sanyi a kansa ko da zafin Afrilu, tabarau marar magani, littafi a hammata wanda ba mai shaidar ya taɓa buɗe shi. Hannunsa tas, ko ɗigon yumɓu babu. Kana fama da kwaɓi, shi yana zaune a kan buhun filastarka yana zuba maka tarihi: yadda a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a Zariya, suka ce ba za su haɗiye koyarwar Turawa ɗanya ba, sai an gauraya ta da fasahar gida. Gaskiyarsa, haka aka yi. Abin da yake tsallakewa shi ne mutanen nan sun yi aiki har hannu ya yi kanta. Ka ce masa, "Malam, ina naka aikin?" sai ya ɗora yatsa a goshi ya lumshe ido: "Yana dahuwa."

Ana jibi buɗewa ya shiga mota zuwa Panteka a Kaduna, ya dawo da salansar babur da sarƙar keke da murfin tukunya. Mai walda na bakin titi ya ɗiɗɗiga masa, shi kuma ya raɗa wa abin suna "Kukan Afirka na Biyu". Kada ka tambayi ina na ɗaya yake, sai la'asar ta same ka a tsaye. In ka ɗaga gira zai tuna maka cewa a 1942 Picasso ya haɗa sirdin keke da kan keke ya fitar da kan bijimi, El Anatsui kuma da murafan kwalba ya zagaye duniya. Takardar bayanin da ya manna a bango ta fi aikin tsawo. Ranar buɗewa kuwa a gabansa baƙi suka fi cincirindo, suna gyaɗa kai, kowa na tsoron a ce shi ne bai gane ba.

'Yar-Hoto ba ta da matsala da kowa. Da hannunta ta yarfa wa rigar aikinta fenti, kuma mutanen Instagram sun ga aikin nata tun kafin a fara shi.

Akwai kuma masu sassaƙa da ido ɗaya a gida. An gaya wa Hajiyarsu zanen gine-gine ake karantawa, don kalmar gunki ba ta wuce zaure lafiya. Ayyukansu duk ba fuska: mai tallan fura ba kai, makaɗin kalangu daga wuya zuwa ƙasa. Baƙi suka yaba, suka ce salon zamani ne. Mu dai muka sunkuyar da kai muka ce mun gode.

Duk waɗannan na yafe musu duniya da lahira. Wanda har yau raina ke ɓaci in na tuna shi, shi ne mai yaye leda. Kowa ya san dokar yumɓu da hunturu: kafin ka tafi ka lulluɓe aiki da jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe da leda, ka ɗaure. In iska ta same shi, yumɓu ya bushe ya tsuke, rodin ciki kuwa ba ya tsukewa, sai tsagewa. Shi wannan bawan Allah ya san haka sarai, shi ya sa da ya shigo da dare ya ga ledarsa ta yage, sai ya zare taka ya rufe nasa. Da safe ka tarar da tsaga daga kafaɗa har ƙugu, yatsu sun zube a ƙasa, ga shi ba a ko yi zubi ba. Aikin zango guda ke nan, da kuɗin da aka sayar da tunkiya aka aiko maka. Shi ne ma zai fara zuwa jaje, ya dafa kafaɗarka: "Haƙuri, ɗan'uwa. Ai kayan Nok ma a fashe aka tono su, ga su can a gidan tarihi na Jos ana kallo." Kayan Nok gasassu ne, sun yi shekara fiye da 2,000 a binne kafin su kai haka. Naka dare ɗaya ya yi. Kana waigawa sai ga ledar a kan aikinsa, ɗaure tamau, da sunanka a jiki da jan alƙalami.