Ni da Hilux a Ƙofar Masallaci

Wandon yana nan rataye a bayan ƙofar ɗaki, ban yarda an kai wa tela ba tukuna, don telan unguwarmu ba ya ɗinki sai da tambaya. Jiya Juma'a abin ya faru, bayan an shafa fatihar auren ƙanwar matata.

Motata tana gareji tun Talata, saboda haka a Adaidaita Sahu na je, na kuma sauka can nesa da masallaci don kada dangin uwargida su gani. An ɗaura aure, ana ta musabaha, sai ƙanin matata ya kamo hannuna ya ce, "Haba Yaya, ina nan za ka tsaya tarar napep? Zo ka shiga gaba." Da na san abin da ke gaban, da na ce masa likita ya umarce ni da tattaki.

Yaron nan shinkafa yake nomawa a Kura, motarsa kuwa Hilux ce fara. Hilux dama ba gajeriya ba ce, amma shi bai ga tsawon da ta zo da shi ya ishe shi ba. Ya sa an ƙara ƙarfe a jerin sifirin ɗin baya, an ɗaga na gaba, aka sa mata wasu tayoyi masu haƙora kamar na tarakta. Matakalar gefe da ta zo da ita kuma ya kwance ya ajiye, wai kunyar gona tana bugunta. Shi ya tsere wa kunyar gona, ni ya bar ni da ɗaya kunyar. Yau da safe na ɗauki tef ɗin awo na uwargida na je na gwada: daga ƙasa zuwa dokin ƙofar santimita 74. Matakalar benen gidanmu 18 ce. Wato hawa huɗu aka ce in yi a taku ɗaya, ni da na haura hamsin, da tumbi, da gwiwar da ke ba ni labarin sanyi tun kafin ya iso.

Ga kuma shigar da na yi. Sabuwar shadda ce, ta sha sitati ta sha bugu, in na motsa sai ta yi ƙara kamar ana buɗe buhun siminti. Wandon irin na 'yan zamani ne mai tsukakken baki, tela ne ya lallaɓe ni ya ce zai rage mini shekara goma. A hannun dama ina riƙe da ledar goro da dabino da alawa, da waya. Da hagu na tattare babbar riga na saɓa ta a kafaɗa don kada ta sha ƙura. A riƙe wannan maganar ta tattare riga, za ta dawo.

Na ɗaga ƙafar hagu. Ta tafi, ta tafi, har kan takalmi ya samu dokin ƙofa. Ƙafar dama tana ƙasa a kan 'yan yatsu. A nan na gane cewa babu sauran hannun da zan kama wani abu da shi. Akwai mariƙi a jikin ginshiƙin gilashin gaba, an yi shi musamman don irin wannan rana, ina kallonsa yana kallona. Na miƙa yatsu biyu daga hannun leda, ba su kai ba, suka faɗa kan bel ɗin kujera. Na ce alhamdulillahi.

Wanda bai sani ba ya sani yau: bel ɗin mota, in ka ja shi a hankali, biyo ka yake yi. Sai an fizge shi yake cijewa. Ni kuwa a hankali na ja, cikin natsuwa irin ta dattijo a gaban surukai. Ya biyo ni. Na ƙara ja, ya ƙara biyowa. Ina ta yin baya-baya, ƙafa ɗaya a sama, kamar mai ɗebo guga daga rijiyar da ba ta da ƙarshe. Da na ga zan kai ƙasa da ƙeya sai na fizga da ƙarfi. Bel ya cije. Jikina ya yi gaba, ƙafar dama ta ce ita ba ta san da wannan shawara ba.

Ɓaaarrr.

Tun jiya nake sake jin ƙarar nan. Ba irin ta yagewar tsumma ba ce. Sabuwar shadda mai sitati in za ta rabu, sanarwa take yi. Ta faro daga hantsar wando ta bi ɗinki ta yi baya, a tsanake, har sai da ta gaisa da zariya. Abin da ya fi ci mini rai, duk yinin nan maroƙi bai rufe baki ba, lasifika a hannu, tun kafin huɗuba yake wasa mutane. Sai a daidai wannan lokacin ya tsaya shan ruwan leda. Jama'a kuma kamar an ce kowa ya yi shiru. Har mai kiran "a sayi turare" ya tsaya. Ƙarar ta samu fili ita kaɗai.

Babbar riga, wadda kakanninmu suka tanada domin rufin asiri, mai faɗin da zai lulluɓe mutum uku, tana ina? Tana kan kafaɗata, ni da kaina na tattare ta. Sai na ji iska tana shiga inda iska ba ta da hurumi. A nan na tuna gajeren wandon da na sa da safe cikin gaggawa. Ja ne. Ja wur, irin wanda ake hangowa daga ƙarshen layi.

Na so in sauke ƙafa, dunduniyar takalmi ta maƙale a bakin shimfiɗar roba. Na so in hau, babu ƙarfi. Na tsaya a haka, rabi a mota rabi a Kano, dabino yana zubewa ɗaya-ɗaya, almajirai suna tsincewa a ƙarƙashina ba tare da ko sannu ba.

Wanda ya fara magana mai rake ne, yana daga bakin baronsa, wuƙa a hannu. "Alhaji, ai da dama ake farawa."

Mutum in ya rikice, ko shawarar akuya zai ɗauka. Na ƙwato ƙafar hagu da ƙyar, na bar takalmin a ciki, na ɗaga ta dama. To ƙofar mai zaman banza a dama take, duk wanda ya sa ƙafar dama a ciki, bayan mota zai fuskanta. Na juyo ke nan, ƙafa a sama, sai ga ni ido da ido da surukina, uban amarya, taku biyar tsakaninmu, manyan baƙi kewaye da shi. Shekara 22 ina auren 'yarsa, ko hulata bai taɓa ganin ta karkace ba. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Ya ɗaga kai sama ya shiga duban hadari, a watan da ko yayyafi ba a yi.

Sai ga wanda ya sa na zauna rubuta wannan. Wani tsoho ne siriri, da 'yar shara da carbi, ya ratso mutane yana cewa a ba shi wuri, shi direba ne, shekara arba'in yana jan babbar mota daga Kano zuwa Njamena ta Maiduguri da Gamboru. Na ji sanyi a raina, na ce ga gwani ya zo. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya daki taya da ƙafa. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi. Ya zagayo ni ma ya duba ɓarnar da kyau, ya ce, "Ash."

"Baba, a taimaka," na ce.

"Ɗana, ba laifinka ba ne. Laifin 1972 ne."

Ban ce komai ba, don ba ni da numfashin tambaya.

"Kafin 1972, zamanin Gawon, ta hagu muke tuƙi a ƙasar nan. Sitiyari yana dama, ƙofar fasinja tana hagu. Da a lokacin ne, ƙafar dama za ka fara sawa kana kallon gabanka, lafiya lau, maganar mai rake ta fita. Da aka juya hannu aka ɓata komai."

Maganarsa gaskiya ce, na auna ta daren jiya da na kasa barci, babu inda ta karkace. Amfaninta ne dai ban gano ba, ga mutumin da ke rataye da bel a ƙofar masallaci.

"To yanzu ya za a yi, Baba?"

"Motar ma ba ta da laifi. Ka san da irinta sojojin Cadi suka kori Libiya a 1987? Har yaƙin ma sunan Toyota aka sa masa. Soja da rawani da bindiga, tana gudu yake ɗare ta." Ya dube ni sama da ƙasa. "Amma su ba sa cin tuwon dare."

Aka kwashe da dariya, har da wasu da nake bi bashi.

Bai gama ba. Ya ce a sace iskar tayoyin dama biyu, motar za ta durƙusa kamar raƙumi. Mai mota ya ce ina za a samu mai faci ranar Juma'a da rana tsaka. Ya ce to a matsar da ita bakin kwalbati in hau daga sama. Aka duba, kwalbatin da ya fi kusa yana bayan layi uku. Ya ja da baya, ya ƙanƙance ido, ya yanke hukunci: "Ni a ganina motar daidai take. Ƙasar wurin nan ce ta yi ƙasa."

A ƙarshe yaran ƙanin matata ne suka fitar da ni, wasu samari biyu da aikinsu lodin shinkafa. Ba su yi shawara da kowa ba. Ɗaya ya kama nan, ɗaya ya kama can, na ji an ce "ɗaya, biyu," sai ga ni a kan kujera, fuska a jikin giya, hula a ƙasa. Ɗayan har ya ɗan daddaki bayana da tafin hannu, yadda ake yi wa buhu in ya zauna daidai. Muna tashi na ji muryar tsohon ta taga: "Ka gani? Da ka bi maganata da tuni ka shiga!"

A gidan walima ban fito ba. Na ce ƙafata ce ta riƙe. A mota aka kawo mini shinkafa da kaza, yara suna zagayowa suna leƙe.

Yau da hantsi yaron ya zo ya ɗauke ni, da kujerar tsakar gida na hau, muka je wurin mai walda. Ya ce ba zai ƙona ƙarfen da ke ɗauke da motar da wuta ba, tunda ramukan tsohuwar matakala suna nan, noti zai ɗaura. Ya yanko faranti mai ƙurji-ƙurji don kada takalmi ya zame, ya sa shi a rabin tsayin, ya ce in riƙa kama mariƙin nan da hannu, leda kuma a miƙa wa yaro. Da ya tambaya ko a yi ɓangare biyu, ƙanin matata ya ce a'a, na Yaya kawai. Yaran gareji har sun raɗa mata suna, ba zan faɗa ba.

Da muka dawo uwargida ta miƙo mini wayarta ba ta ce komai ba, kafaɗunta suna rawa. A zauren WhatsApp na danginsu ne. Daƙiƙa 41, an ɗauko ni ta baya, muryar tsohon ta fito tar. Don Allah, duk wanda abin ya iso wayarsa, ya goge.