Ruri Daban, Ja Daban

Masu tsohuwar Mustang ta 1965 a Amurka, mai injin Ford 289, cutarsu ɗaya ce. Da mutum ya ji motar ta yi nauyin tashi, sai ya ruga ya sayo kafireto mafi girma a shago, ya haɗa da kamshaf irin na 'yan tsere. Inji ya kama ruri, maƙwabta suna leƙowa ta taga. Danja na ba da hannu kuwa, ya taka totur, mota ta tsaya tari.

Silinda takwas ne, ba musu, amma duka-duka lita 4.7 ce, tafiyar fistan ɗin ma ba ta kai inci 3 ba. In inji na juyawa a hankali, iska takan ratsa ƙaton maƙogwaron kafireton nan sanyi-sanyi, ba ta jan fetur yadda ya kamata.

Maganin ba ya burge kowa: matsakaicin kafireto, kamshaf mai rufe bawul da wuri, siraran bututun salansa masu tsawo, a ɗan ciyar da tartsatsin fulogi gaba. Sai dai ƙaramin kafireto ba ya tara jama'a in an ɗaga bonet ranar baje koli.